Wane injin ninke takarda ya dace da maɗaba'arka: na tebur, mai aljihu, mai wuƙa ko mai shata?

A yawancin ƙananan maɗaba'unmu a kan injin bugu kuɗi suke ƙarewa. Mutum zai sayar da fili ya sayi injin bugu irin Kord ko GTO, ya haɗa da injin yanka, shi ke nan jari ya tafi. In aiki ya fito sai a shimfiɗa tabarma a tara yara huɗu ko biyar su kwana suna ninki, kowa da guntun katako ko gindin kwalba yana murjewa. Haka aka saba, kuma ga kati ɗari biyu ko ɗari uku babu abin da ya fi shi sauƙi. Ranar da za ka gane kurenka ita ce ranar da aka kawo ƙasida dubu talatin ana so jibi. Bugu zai ƙare cikin 'yan awoyi, ninki ya ci kwana uku, ga na wannan yaro ya karkace, na wancan da shatin yatsa.

Duk wanda ya zo mini da maganar sayen injin ninki, tambayarsa ta farko ita ce guda nawa yake yi a awa. Ni kuwa wannan ce tambayata ta ƙarshe. Abin da nake fara tambaya shi ne kaurin takardar da ya fi aiki da ita, da ko bugunsa na tawada ne ko na tona (garin da injin dijital ke bugu da shi), da kuma ko ninkinsa a jere yake kamar na ƙasida ko a gicciye kamar na littafi. Amsar waɗannan ita ke zaɓa masa inji, ba lambar da dillali ya rubuta a takardar talla ba.

Bari mu fara da mai aljihu, don shi ne gama-gari. Roloji biyu suna jan takarda su tura ta cikin wani siririn aljihu na ƙarfe. A cikin aljihun akwai matokari da kake matsarwa gaba ko baya. Kan takarda zai je ya bugi matokarin ya tsaya, amma roloji ba su daina turo ta ba, don haka sai ta lanƙwasa a bakin aljihun, rola ta gaba ta cafke lanƙwasar ta murje ta. Ninki ya samu ke nan. Nisan da ka ba matokarin shi ne tsawon ɓangaren da aka ninke. Aljihunan suna jere ne, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, galibi huɗu, wani injin shida, kuma wanda ba ka buƙata sai ka toshe bakinsa takarda ta wuce salin-alin. Tunda babu wani abu da ke hawa da sauka, takarda ce kawai ke gudu, shi ya sa ya fi kowane iri sauri. Ka yi lissafi da kanka: in takarda tana tafiyar mita 100 a minti, kuma A4 tsawonta milimita 297 ne, ka bar ɗan tazara tsakanin wannan da waccan, za ka samu wajen 300 a minti, kusan 18,000 a awa. Manyan injinan Jamus na yanzu suna iya wuce mita 200 a minti.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, ɗan ƙaramin injin tebur irin na Martin Yale ko Duplo ko Uchida, da katon Stahl ko MBO mai tsayuwa a ƙasa, duk hanyar ninkinsu ɗaya ce. Inda suka rabu shi ne wajen ɗaukar takarda, kuma a nan ne rabin rigimar ninki take.

Yawancin na tebur da roba suke ja. Wata 'yar taya ce ke gogar takardar sama ta zame ta daga tarin, wata roba a ƙasa tana riƙe ta biyu. A kan farar takarda mara sheƙi, giram 70 ko 80 (ma'aunin nauyin takarda ke nan), wannan dabara tana aiki lafiya lau. Wasiƙun ofis, takardun sanarwa na makaranta, fom, takardar jarrabawa A3 da za a ninka biyu, duk zai yi maka su ba gardama. Wutar gida yake sha, ƙaramin janareta ya ishe shi, yaron shago zai koye shi a yini ɗaya, kuma in ka tashi ƙaura a hammata za ka ɗauke shi. Amma ka ba shi takarda mai sheƙi ka sha kallo. Robar za ta riƙa sulɓewa, ko ta ja biyu tare, ko ta bar baƙin layi a kan hoton da aka buga. Na taɓa karɓar aikin ƙasidar wata makaranta mai shuɗin bango, takarda mai sheƙi giram 135, na ce wannan ɗan injin zai yi. Kafin in ankara ɗaruruwa sun fita da zanen taya a tsakiyar fuskar bangon. Sai da na sake buga su da kuɗina. Laifin ba na injin ba ne, ni na ɗora wa jaki kayan raƙumi.

Mai tsayuwa a ƙasa da iska yake ɗauka. Famfo yana hura iska a gefen tarin takarda don ta rarrabu, sannan wata taya mai ramuka ta tsotsi ta sama ta miƙa ta. Babu guga, don haka babu zane. Daga nan takarda za ta bi ta kan wani tebur mai karkatacciyar ɗamara ko roloji, da ƙwallaye a kanta, waɗanda ke matsa ta a hankali zuwa jikin ƙarfen gefe domin ta shiga aljihu a miƙe. Na tebur ba shi da wannan, yadda takarda ta fito daga tari haka take shiga, shi ya sa ninkinsa kan ɗan kauce. Akwai ƙananan injina masu iska da ke tsakanin biyun, kuma ga wanda wurinsa ya matse sun fi na roba nesa ba kusa ba.

Lambar da ke jikin sunan injin, kamar 52 ko 66 ko 78, faɗin takardar da yake iya haɗiya ce a santimita. Ka auna ta da injin bugunka. GTO 52 takardarsa 36 da 52 ce, ta Kord 64 kuwa 46 da 64. Duka biyun za su shiga injin ninki mai faɗin 52, domin ta Kord a tsaye take shiga. Sayen mai 78 alhali ba ka da injin bugu mai fitar da babbar takarda, asarar kuɗi ce da ta wuri da ta wuta.

Saitin mai aljihu shi ne inda ake gane wanda ya iya da wanda yake lalube, kuma ya kamata ka san wahalarsa kafin ka biya kuɗi. Ɗauki A4 da za a ninka uku. In ninkin zigizag ne, kamar na mafici, sai ka sa aljihu na ɗaya a milimita 99, na biyu ma 99. In kuwa irin na wasiƙa ne, wanda ɓangare ɗaya ke shigewa ciki, sai na ɗaya ya tsaya a wajen 200, na biyu a 100, ɓangaren ciki ya rage 97. Wannan ragi na milimita biyu ko uku dole ne. In ka raba takardar daidai wa daida, bakin ɓangaren ciki zai tokari ninki na biyu ya tanƙware. Kuma tun a kwamfuta ya kamata mai zane ya san da haka, in ba haka ba rubutu zai hau kan layin ninki, kai mai ninki a zage ka a kan laifin da ba naka ba.

Sai tazarar roloji. A injinan ƙasa kowace rola tana da ɗan maƙali inda ake saka guntun takardar da za a yi aikin da ita, kaurin guntun shi ke buɗe rolar daidai. Ƙa'idar ita ce ka saita kowace rola a kan mafi sirantar abin da zai bi ta cikinta. Rolar farko falle ɗaya. In gida biyu kawai za a ninka takardar, na bayanta falle biyu. Amma a ninkin gida uku, bayan ninkin farko akwai wutsiyar takarda da har yanzu falle ɗaya ce, don haka rola ta biyu ma falle ɗaya za ka sa mata, in ka sa biyu za ta saki wutsiyar ninki ya yi ta yawo. Na sha ganin wanda ninkinsa ya karkace ya yi ta murɗa matokari hagu da dama har ya gaji, alhali gefe ɗaya na rola ne ya fi ɗaya matsewa. Ka fara duba yankan takarda, in ba a yanke ta a kan kusurwa daidai ba babu saitin da zai cece ka. Sannan ƙarfen gefe, sannan roloji, matokari shi ne na ƙarshe. Kuma kada ka yi saiti a hankali sannan ka ƙure gudu, domin da ƙarfin da takarda ke bugun matokari ya sauya, ninki ma zai ɗan gusa. Ka gwada a gudun da za ka yi aikin.

Sababbin injina, musamman na Horizon na Japan da manyan Stahl da MBO, suna yin wannan duka da kansu: ka zaɓi irin ninki a allo, ƙananan motoci su matsar da aljihu da rola. Abin sha'awa ne, kuma ga mai sauya aiki sau goma a yini yana ceton lokaci sosai. Tambayata ɗaya ce, in allon ya mutu ran Alhamis da daddare, wa zai tashe shi? Tsohon inji mai saitin hannu, makaniken da ya san Kord zai iya lallaɓa shi.

Mai wuƙa wata duniya ce. Wuƙar ba ta yanka, dakusasshen ƙarfe ne mai tsawo. Takarda za ta zo a kan ɗamara ta tsaya cak, wuƙar ta sauko ta danna tsakiyarta tsakanin roloji biyu, su kuma su ja ta ƙasa a ninke. Kowace wuƙa ninki ɗaya take yi, kuma tunda sai takarda ta tsaya sannan a danna, bai kai mai aljihu sauri ba. Ƙarfinsa yana wajen kauri. Takardar da aka riga aka ninka sau biyu ta zama falle huɗu, ba ta son lanƙwasa da kanta a bakin aljihu, amma wuƙa ba ruwanta, cusa ta take yi.

Wannan ya sa aikin littafi nasa ne. Ninki ɗaya shafi 4, na biyu a gicciye shafi 8, na uku shafi 16, na huɗu 32. Takardar Kord guda tana ɗaukar shafi 16 na littafi mai girman A5, takwas a kowace fuska, wato ninki uku ke nan kowanne a gicciye da na bayansa. Za ka iya yin wannan da masu aljihu zalla, amma sai ka jera tasha uku, wato sassan inji uku masu aljihu, kowace tana kusurwa da 'yar'uwarta, abin da zai cinye maka rabin shago. Shi ya sa aka yi gamin-gambiza: aljihu a gaba don ninkin jere, wuƙa ɗaya ko biyu ko uku a baya don na gicciye, duka a jiki ɗaya. A Stahl da MBO harafin T a farkon suna yana nufin mai aljihu zalla, K kuwa gamin-gambiza, daga kalmomin Jamusanci. Stahl ɗin ya koma hannun Heidelberg tun ƙarshen shekarun 1990, MBO kuma kamfanin Komori na Japan ya saye shi a 2020, saboda haka kada sunayen su rikita ka in ka ga an haɗa su a takardar dillali.

Wanda ya fi? In littafi ne abincinka, na makaranta ko na addini ko na hikaya, kuma girmansu bai cika sauyawa ba, gamin-gambiza ya fi maka: wuri kaɗan, saitin gicciye mai sauƙi, kashin littafi ya fito a murje. In aikinka ƙasidu ne masu ninki iri-iri, littafi jefi-jefi, mai aljihu da tasha ta biyu da za ka iya turo ta ka janye ta ya fi ba ka 'yanci, don kowace tasha tana iya yin ninki da yawa, wuƙa kuwa ɗaya tak.

Abu biyu ga mai aikin littafi. In ka ninka takarda a gicciye iska tana maƙalewa a cikin rufaffen kai, ta haifar da tamoji a kusurwa kamar sawun kaza. Maganinsa shi ne 'yar wuƙa mai haƙora da ake ɗaurawa a sandar da ke bayan roloji, ta huda layin da za a ninka na gaba iska ta samu mafita. Injin da ba shi da wannan sanda bai cancanci aikin littafi ba, kuma a kanta ne ake ɗaura na shata da na tsagawa. Na biyu, littafin Larabci ko na ajami daga dama yake buɗewa, don haka jerin shafukansa a kan takarda kishiyar na boko ne. Kafin a ƙona filet, wato farantin bugu, ka sa farar takarda ta bi ta injin ninkin da kansa, ka rubuta lambobin shafi a kanta tana ninke, ka buɗe ka ba mai tsara shafi. Ninkin hannu yana juyuwa yadda ka ga dama, na inji ba ya juyuwa, musamman mai wuƙa.

Yanzu ga wanda bugunsa na tona ne, wato masu injin dijital da ke cika gari, ko mai aikin katin biki da bangon littafi. Duk abin da na faɗa a sama bai magance matsalarka ba. Tawada tana shiga jikin takarda, tona kuwa a sama take zaune kamar ɓawo, zafin injin kuma ya busar da takardar. Da ka ninka sai ɓawon ya tsage, farin layi ya fito a kan kashin, ya fi muni a kan baƙi ko shuɗi mai duhu. Haka ma takarda mai kauri ko da tawada aka buga: daga wajen giram 170 zuwa sama ninki ba tare da shata ba caca ne, kati mai 250 ko 300 kuwa ba a ma magana. Shata ita ce a danna wa takarda kwari a inda za ta ninku kafin a ninka, da ƙarfe namiji da mace, ta yadda zaren takardar zai miƙe maimakon ya karye. Morgana na Ingila sun yi suna da injin da ke shata ya ninka a wucewa ɗaya, Duplo da Horizon ma suna da irinsa. Aikinsu yana da kyau ƙwarai, ba sa zanar takarda, amma ba su da saurin mai aljihu, ga tsada, ga na'urorin lantarki da ba sa son wutar da ke rawa. In katinka ɗari biyu ne yau, ɗari biyar gobe, injin shata na hannu mai mariƙi, wanda ko wuta ba ya sha, zai ba ka shata mai kyau daidai da tasu, yaro ya ninke cikin sauƙi tunda layi ya riga ya kwanta. Sai ka ga layin masu jira ya fi ƙarfin mariƙin sannan ka yi tunanin babban.

Kada kuma a manta da jijiyar takarda. Zarenta yana kwance ne ta fuska ɗaya, in ka lanƙwasa falle ta nan da ta can za ka ji ɗaya ta fi laushi. Ninkin da ya bi jijiya yana kwanciya lafiya, wanda ya gitta ta yana fashewa. A littafi jijiya ta bi tsawon kashi. Wannan a wajen yanka ake yanke hukuncinsa, injin ninki komai tsadarsa ba ya gyara shi.

Yanayinmu ma yana da ƙuri'a a wannan zaɓi. Takarda ta fi jin daɗi in danshin iska yana wajen kashi 50 cikin ɗari. Da hunturu a Kano ko Zinder yakan faɗi ƙasa da kashi 20, sai takarda ta ɗauki irin wutar nan da ke sa riga ƙyas-ƙyas, falle ya manne da falle, ya ƙi shiga aljihu. Mai roba ya fi shan wahala a nan, mai iska yana da damar rarraba su. Yayyafa ruwa a daɓe da barin takarda cikin ledarta har lokacin aiki suna taimakawa. Da damina kuma gefunan takarda su sha danshi su yi igiyar ruwa. Ƙurar hunturu da hodar da ake fesawa a injin bugu suna toshe matatar famfon iska, su kuma sa roloji santsi, don haka goge rola da kakkaɓe matata aikin kowane mako ne.

Wuta kuwa, injinan ƙasa galibi mai layi uku suke so, ga motar inji ga ta famfo, sai ka lissafa janaretanka tun kafin kaya su iso. Wanda ya fito daga Turai ya dace da tamu, bugu 50 a daƙiƙa. Na Amurka an yi shi ne don 60 da wani ƙarfin wuta daban, na cikin gidan Japan ma sau da yawa sai da taransifoma. Ka karanta ɗan farantin da ke jikin motar da idonka. Ranar haɗawa kuma a duba juyin motar, don in aka sauya wayoyi biyu baya za ta yi, famfon ma haka.

Yawancinmu na hannu za mu saya, ko daga dillalan Shomolu a Legas ko daga wata maɗaba'a da ta sauya inji. Kada ka yarda da gwajin da mai sayarwa zai yi da takardarsa. Ka tafi da taka, mafi wahalar da kake aiki da ita, rim guda aƙalla. A bar injin ya yi gudu, ka ɗauki ashirin daga farko, ashirin daga ƙarshe, ka jera su ka shafa kashin da yatsa. Ka kashe wuta ka saka siririn tsinken takarda a hagun rola, da tsakiya, da dama, ka ja: in tsakiya ta saki alhali gefuna sun riƙe, rolar ta cinye, kuma sabunta roloji shi ne mafi tsadar gyara a wannan inji. Ka zaro aljihunan ka duba ko sun lanƙwashe ko sun yi tsatsa a ciki. Ka ƙirga su, ka tabbata ƙwallaye da wuƙaƙen huji da na shata suna nan, don waɗannan ƙananan kaya su ne ke ɓacewa a hanya kuma nemansu ɗaya-ɗaya azaba ce. Ka saurari famfo, in yana tari ko yana fitar da baƙar ƙura, fikafikan gawayin cikinsa sun kusa ƙarewa. Ka sa falle biyu tare da gangan ka ga ko injin zai tsaya.

Da za a ba ni kuɗin mutum a ce in zaɓa masa, ga yadda zan yi. Mai shagon kwafi da buga takardun ofis, na tebur ya ishe shi, ya dai nisanta shi da takarda mai sheƙi. Mai dijital da katin biki ya fara da injin shata na hannu, ya ajiye sauran kuɗin. Mai buga littattafai a kai a kai ya nemi gamin-gambiza mai wuƙa biyu, wanda zai ba shi shafi 16 daga takardar Kord. Shi kuwa mai GTO ko Kord da ke karɓar duk abin da Allah ya kawo, yau ƙasidar asibiti, gobe takardun kamfe, jibi jadawalin taro, wanda shi ne mafi yawanmu, zan saya masa mai aljihu huɗu, faɗin 52, mai ɗauka da iska, saitin hannu, da sandar huji a bayansa, in ɗora injin shata na hannu a kan teburin gefe don kati. In kuɗi ya yi saura a ƙara tasha ta biyu. In bai yi ba, a tabbata dai injin yana da mahaɗin da za a jona ta daga baya.